Faifan Dala 1,200: Shari'ar Winternals da Geek Squad

A watan Afrilun 2006 wani ƙaramin kamfanin manhaja mai suna Winternals, da ke birnin Austin na jihar Texas a Amurka, ya maka Best Buy a kotun tarayya. Best Buy katafaren kamfanin sayar da kayan lantarki ne mai ɗaruruwan kantuna, kuma yana da sashen gyaran kwamfuta da ake kira Geek Squad. Ƙorafin Winternals shi ne ma'aikatan wannan sashe suna aiki da kwafin sata na manhajarsa ta gyaran kwamfuta da ke zuwa a faifai, ERD Commander 2005, wadda kuɗin kwafinta ɗaya ya kai kimanin dala 1,200. A cewar masu ƙara, tun ƙarshen 2005 ake zaman ciniki tsakanin kamfanonin biyu kan lasisi, zaman ya watse a farkon 2006, amma faifan bai daina zagawa a hannun masu gyaran ba. Alƙali ya ba da umarnin wucin gadi cewa a daina amfani da duk kwafin da ba shi da lasisi, a kuma miƙa su cikin kwana 20. Cikin 'yan watanni aka sasanta, Best Buy ya sa hannu a yarjejeniyar lasisi ta shekara uku. Ranar 18 ga Yulin shekarar aka sanar cewa Microsoft ya saye Winternals ɗungurungum.

Da yake sulhu aka yi, kotu ba ta yanke hukuncin wanda ke da gaskiya ba, don haka abin da Winternals ya faɗa yana nan a matsayin zargi. Abin da ya sa shari'ar ta cancanci a sake duba ta shi ne mutum na uku da ba a kira shi kotu ba, wato mai gyaran da ke aiki shi kaɗai ko da yaro ɗaya ko biyu. Ba shi aka kai ƙara ba, ba shi ya sa hannu a sulhu ba, amma da ƙura ta lafa shi ne ya tashi hannu rabbana.

Abin da faifan yake yi

Sai an san aikin faifan kafin a gane dalilin wannan kai ruwa rana. A ɗauka an kawo wa mai gyara kwamfuta mai Windows XP. Jiya aka sa mata direban wata sabuwar na'ura, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da na'urar, yau da an kunna ta sai ta nuna tambarin Windows, ta watso shuɗin allo, ta ɗauke, ta sake tashi, haka dai ba iyaka. Mai ita ba shi da kwafin komai a wani wuri. Takardun aikinsa da hotunan iyalinsa da lissafin kasuwancinsa duk suna ciki. Hanyar da aka saba ita ce a kwance rumbun ajiyar, a jona shi a wata kwamfutar, a kwashe abin da ya kwasu, a yi fomatin, a sake ɗora Windows, a bi direbobi ɗaya bayan ɗaya, sannan a mayar da manhajojin mai kaya in har bai ɓatar da faya-fayansu ba. Aikin yini guda ke nan, kuma da wuya a mayar wa mutum kwamfutarsa yadda ya san ta.

Da ERD Commander kuwa, mai gyara zai zura faifan ya sa kwamfutar ta tashi daga kansa maimakon daga rumbunta. Wata 'yar ƙaramar Windows ce za ta buɗe, ta leƙa cikin rumbun, ta gano Windows ɗin da ta ƙi tashi, ta ba shi damar shiga cikinta ta bayan gida. Daga nan yana ganin jerin direbobin da ke tashi tare da ita. Sai ya kashe wanda ya jawo fitinar, ya zare faifan, ya sake kunnawa, kwamfuta ta dawo da komai nata a inda yake. A cikin faifan akwai sashen da ke karanta bayanan da Windows ta bari lokacin da ta faɗi, ya nuna direban da ake zargi. Akwai na gyara rajista, wato ma'ajiyar saitunan Windows, da na cire sabuntawar da ta ɓata lamari, da na dawo da fayilolin da aka goge. Akwai kuma wani mai suna Locksmith, da ke canza kalmar sirrin da mai kwamfuta ya manta ba tare da an san tsohuwar ba. Aikin yini sai ya koma na rabin awa.

A wancan lokacin irin wannan ƙaramar Windows mai tashi daga faifai ba kowa Microsoft ke ba ita ba, sai masu ƙera kwamfuta da manyan kamfanonin da ke da yarjejeniya da shi. Akwai BartPE na Bart Lagerweij wanda kyauta ne, amma kai za ka zauna ka harhaɗa abinka, kuma kayan aikin da ke cikin ERD Commander ba sa zuwa tare da shi. Shi ya sa faifan ya yi suna a wurin masu gyara, kuma shi ya sa kwafinsa na sata ya bazu.

Su wa ke rigimar

Mark Russinovich da Bryce Cogswell ne suka kafa Winternals a 1996, kuma a gefe guda suna da shafin Sysinternals inda suke raba ƙananan manhajoji kyauta: Filemon da Regmon masu nuna duk abin da wata manhaja ke taɓawa a fayiloli da rajista, Process Explorer mai tona abin da ke gudana a ɓoye, Autoruns mai fito da duk abin da ke tashi tare da Windows. Duk wanda ya taɓa farautar bairos da hannu ya san darajar Autoruns. Da ɗaya daga cikin waɗannan kayan kyauta, RootkitRevealer, Russinovich ya gano a ƙarshen Oktoban 2005 cewa wasu faya-fayan waƙa na Sony BMG suna dasa ɓoyayyiyar manhaja a kwamfutocin masu saye. Wannan tonon silili ya girgiza duniyar kwamfuta 'yan watanni kafin shari'ar da muke magana a kai.

Shi ma Geek Squad da ƙanƙanta ya fara. Robert Stephens ne ya kafa shi a 1994 a Minneapolis, da jarin dala 200 da keke, yana bin mutane gida yana gyara musu kwamfuta. Best Buy ya saye shi a 2002, kuma zuwa 2006 masu gyaransa sun kai dubbai, wasu a kantuna, wasu suna zuwa gidaje. Ke nan kamfanin da aka zarga ya fito ne daga hannun mutumin da ya san yadda mai gyara ke ji in ya wuni yana aiki aka ce masa ai abin ba wuya, me zai sa a biya shi da yawa.

Farashin

Shin dala 1,200 ta yi yawa? Amsar ta danganta da wanda ake tambaya, kuma a nan ne na ga ya kamata a daɗe.

Manyan kwastomomin Winternals kamfanoni ne masu ɗaruruwa ko dubban kwamfutoci. A wurin mai kula da kwamfutocin banki ko asibiti, in sabar, wato babbar kwamfutar da sauran suka dogara da ita, ta ƙi tashi da safe, asarar awa ɗaya ta wuce kuɗin faifan nesa ba kusa ba. Wannan ba zai ko yi ciniki ba. An yanka farashin ne daidai aljihunsa, kuma ban ga laifi a nan ba.

Mai gyara na ƙashin kansa fa? A yi lissafi mai sauƙi. In a mako yana samun aiki biyu da faifan zai cece shi, a shekara aiki ɗari ke nan da ɗoriya, kuɗin faifan ya kama dala 12 a kan kowane aiki. In aka duba awannin da ya rage masa, riba ce. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Ana son ya ajiye dala 1,200 a dunƙule tun kafin kwastoma na farko ya shigo, alhali sana'arsa hannu baka hannu ƙwarya ce, abin da ya shigo yau shi ke biyan haya da wuta. Kuɗin da ke da ma'ana in an raba shi a kan aiki ɗari yana zama katanga in aka ce a biya shi rana ɗaya.

Sai kuma babban kamfani. Masu gyara dubu ɗaya kawai, a kan wannan farashi, dala miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ke nan. Babu kamfanin da ke biyan farashin da aka rubuta a irin wannan adadi, shi ya sa ake zaman ciniki, kuma abin da aka saba shi ne mai saye da yawa ya samu ragi mai tsoka. Sakamakon haka wanda ya fi kowa ƙarfi shi ke biyan mafi ƙaranci a kan kowane ma'aikaci, wanda ya fi kowa rauni shi ke biyan cikakken kuɗi, don ba shi da bakin da zai yi ciniki. Wannan ba laifin Winternals kaɗai ba ne, haka kasuwar manhaja take kusan ko'ina. Amma a kayan aikin gyara abin ya fi zafi, domin galibin masu wannan sana'a a duniya ƙanana ne.

Don haka in ana maganar satar manhaja a tsakanin masu gyara, ni ina raba mutane biyu. Ƙaramin da ya ga farashi ya girgiza kai ya nemi kwafin sata ya yi ba daidai ba, amma ana iya ganin abin da ya tura shi, kuma farashi mai hankali zai iya dawo da shi hanya. Kamfanin da ke cajin kwastoma kuɗi mai kauri a kan gyaran da faifan ne ya yi rabin aikin, yana da lauyoyi, yana da sashen saye, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, in har ya yi abin da aka zarge shi, ba shi da uzuri ko kaɗan. Cin gumin wani ne a fili.

Kuɗin faifan shi ke ciyar da kayan kyauta

Akwai abin da masu gyara da yawa ba sa haɗawa a ransu. Mutanen da ke rubuta Autoruns da Process Explorer suna rabawa kyauta su ne dai ke sayar da ERD Commander. Ba su da wata taska ta daban. Albashin da ya ba su damar zama su yi ta sabunta kayan kyauta shekara goma daga cinikin kayan kuɗi yake fitowa. Mai gyaran da ya buɗe Autoruns da safe yana sa wa marubutansa albarka, da rana ya zura fasasshen ERD Commander, wato kwafin da aka karya makullin lasisinsa, yana rage wa abin da yake yabo ƙarfi ne da hannunsa.

Kayan kyauta da ba su da irin wannan madogara an ga yadda suke ƙarewa. ComboFix ya yi shekaru yana cikin manyan makaman masu cire bairos, ba a karɓar ko sisi a kansa, amma ya tsaya bai bi Windows 8.1 da Windows 10 ba. Ba wanda ke da bakin ƙorafi, domin ba wanda ya biya. Kuma "kyauta" kanta tana da iyaka da ake tsallakewa ba a karanta ba: manhajoji da dama kyauta ne ga mai amfani a gidansa, ba ga wanda zai yi aiki da su ya karɓi kuɗi ba. TeamViewer, manhajar shiga kwamfuta daga nesa, misali ne sananne. Mai gyara in ya yi amfani da irin wannan a kwamfutar kwastoma ya karɓi lada, ya fita daga sharaɗin, ko da bai fasa komai ba.

Shi kuma mai kwamfutar, wanda ba a cika tunawa da shi a wannan muhawara ba, yana da nasa haƙƙin. Faifan da ke tashi kafin Windows, ya canza kalmar sirri, ya karanta kowane fayil, ya fi kowace manhaja iko a kan na'ura. Kwafin sata kuwa ya bi ta hannun wanda ya fasa shi, mutumin da ba a san shi ba, ba a kuma san abin da ya cusa a ciki ba. Ko manhajar halal ba ta tsira ba: a 2017 an kutsa cikin manhajar share tarkacen kwamfuta CCleaner 5.33 tun daga gidan masu yin ta, aka raba gurɓataccen kwafi mai ɗauke da sa hannun kamfanin ga kwamfutoci kimanin miliyan 2.27. Amma a can akwai kamfanin da za a kama, wanda ya fito ya yi bayani ya tura gyara. In fasasshen faifai ne ya zo da guba, ba wanda zai aiko da sanarwa. Mai gyara zai ci gaba da zura shi a kwamfuta bayan kwamfuta, da zuciya ɗaya.

Bayan an saye kamfanin

Microsoft ya bar kayan Sysinternals kyauta, kuma har yau ana sabunta su. A yaba masa kan wannan. Filemon da Regmon aka haɗe su suka zama Process Monitor, shi kuma Russinovich ya yi ta hawa har ya zama babban jami'in fasaha na Azure, sashen Microsoft mai ba da hayar kwamfutoci ta intanet. Bugu da ƙari, daga zamanin Windows Vista aka sako wurin gyara a cikin faifan Windows ɗin kanta, aka kuma buɗe wa kowa damar sauke kayan haɗa ƙaramar Windows mai tashi daga faifai.

ERD Commander kuwa wata hanya ya bi. An sake masa suna DaRT, aka sa shi cikin wani ƙunshi mai suna MDOP da aka riƙa ba kamfanonin da ke da yarjejeniyar lasisin sari ta Software Assurance. Mai gyaran da a baya yake ganin dala 1,200 ta yi masa nauyi amma yana tara kuɗi, yanzu ko da kuɗin a hannunsa babu kantar da zai je ya ajiye a ba shi a matsayinsa na mai gyaran kwamfutocin jama'a. Best Buy yana da lasisinsa na shekara uku, daga baya ma Geek Squad ya dogara da nasa faifan na cikin gida mai suna MRI. Manyan kamfanoni suna da yarjejeniyarsu. Ƙaramin ne kaɗai aka rufe wa ƙofa. Ba abin mamaki ba ne da yawa suka koma ga irin su Hiren's BootCD, wanda tsofaffin fitowarsa ke ɗauke da manhajojin kuɗi ba tare da lasisi ba kafin daga baya a cire su, wasu kuma suka koma faya-fayan Linux.

Ina ganin wannan ita ce asara mafi girma a cikin lamarin duka. Tsada ana iya jure ta, ana iya yin ciniki, ana iya tara kuɗi. Amma in aka ce kayan aikin ba na sayarwa ba ne ga irinka, an bar maka hanya biyu: ka yi aiki da abin da bai kai shi ba, ko ka yi sata. Kamfanin da ya yi haka bai kamata ya yi mamakin ganin kwafinsa na yawo ba.

Me ake saye, faifai ko kulawa?

Akwai dalilin da ya sa cinikin manhajar gyara ya bambanta da na sauran kayan aiki. Sifana in ka saya yau, bayan shekara ashirin tana nan tana kwance noti, domin notin bai canza ba. Manhajar gyara kuwa notinta canzawa yake yi a kai a kai. ERD Commander 2005 an yi shi ne don zamanin Windows XP. A Janairun 2007, wata tara bayan shigar da ƙarar, Windows Vista ta shigo kasuwa da sabon tsarin tashi da kuma BitLocker mai kulle rumbu, sai da aka yi mata nata faifan. Gaskiya ne XP ta daɗe, Microsoft bai janye mata tallafi ba sai Afrilun 2014, don haka tsohon faifan ya ci gaba da amfani. Amma kowace sabuwar kwamfuta da ta shigo shago tana rage masa daraja. A 2012 Windows 8 ta zo da Secure Boot, tsarin da ke hana kwamfuta tashi daga manhajar da ba a tantance ba, tsofaffin faya-fayan gyara da yawa suka ƙi tashi a sababbin na'urori sai an shiga an kashe shi. Sannan kwamfutoci suka daina zuwa da wurin zura faifan ma, sababbin rumbuna suka fito da tsofaffin kayan aiki ba sa ko ganinsu.

Ke nan abin da mai gyara ke biya ba fayil ɗin da ya sauke ba ne. Yana biyan mutumin da zai zauna duk lokacin da Windows ta sauya, ya gwada, ya gyara, ya amsa saƙo in abu ya ƙi aiki ga kwastoma na tsaye yana jira. Wannan aiki ba ya ƙarewa, kuma kuɗin da aka karɓa sau ɗaya yana ƙarewa. Shi ya sa ban ɗauki biyan shekara-shekara a matsayin zalunci ba, ko da yake na san masu gyara da yawa sun tsane shi. Lasisin har abada a farashi kaɗan alkawari ne mai daɗin ji da wuyar cikawa. SpinRite na Steve Gibson, kayan gyaran rumbun ajiya, ya nuna fuskokin biyu: dala 89 sau ɗaya, kuma da 6.1 ya fito a 2024 an ba masu 6.0 kyauta, wanda cika alkawari ne na gaske, amma shi 6.0 ɗin tun 2004 ya fito. Shekara ashirin ke tsakani, a fagen da rumbunan ajiya suka canza kama gaba ɗaya.

Inda zaluncin yake shi ne yadda ake sauya tsari a kan mutanen da suka riga suka dogara. Shekarar 2014 ta ba da misali biyu da suka yi hannun riga. A Janairu, LogMeIn ya rufe sashensa na kyauta, wanda masu gyara da yawa ke shiga kwamfutocin kwastomominsu daga nesa da shi, ya ba mutane kwana bakwai su biya ko su tashi. Yana da ikon daina bayar da kyauta, ba wanda ya musa. Amma wanda ya ɗora manhajar a kwamfutoci hamsin a gidaje da ofisoshi daban-daban ba zai iya zagaya su cikin mako ɗaya ba, kuma wa'adin da bai isa mutum ya ƙaura ba tilastawa ce. A shekarar dai Malwarebytes, mai manhajar cire bairos, ya daina sayar da lasisinsa na har abada na dala 24.95 ya koma biyan shekara, amma ya ce wanda ya riga ya saya lasisinsa na nan. Dukansu biyu kuɗi suke nema, ɗaya ya riƙe amanar tsofaffin kwastomominsa, ɗayan ya sa su a kwana.

Tsarin da na fi ganin adalcinsa ya fito ne daga wani fage na kusa. A Satumban 2015 JetBrains, mai yi wa marubuta manhaja kayan aiki, ya sanar da komawa biyan haya zalla. Kwastomomi suka yi ca, kamfanin ya saurara ya gyara: wanda ya biya wata 12 a jere, ya mallaki fitowar da ke akwai lokacin da ya fara biya, ko ya daina biya tana hannunsa. Ga mai gyara wannan ya dace ƙwarai. In kasuwa ta yi sanyi ya kasa sabunta lasisi, ba a ƙwace masa kayan aiki ba, sababbin gyare-gyare ne kawai ba zai samu ba, kuma da ma Windows da kanta za ta dawo da shi ya biya in lokaci ya yi. Mai manhaja ba ya buƙatar ya kulle ƙofa, tunda canjin zamani na yi masa aikin karɓar kuɗi.

Da a ce faifai irin ERD Commander yana da lasisin da aka ɗaura a kan mai gyara ɗaya, ba a kan yawan kwamfutocin da zai taɓa ba, ana biya wata-wata ko shekara-shekara a kuɗin da aiki biyu ko uku za su mayar, da yawancin ƙananan da suka nemi fasasshe sun biya. Ba don tsoron kotu ba, don samun sabuntawa da wanda za su kira ya fi musu sauƙi a kan farautar kwafi a lungunan intanet. Lasisin kuma ya yi aiki ba tare da intanet ba na wani tsawon lokaci, domin da yawa daga cikin kwamfutocin da ake gyarawa ba sa iya hawa intanet a lokacin, wasu ma da gangan ake yanke su saboda bairos. Manhajar gyaran da ke tsayawa neman izini daga sabar kamfani kafin ta buɗe ba ta san sana'ar da aka yi ta dominta ba.

Shi ma mai gyara akwai nasa. Kuɗin kayan aiki ya shiga lissafin abin da yake caji, kamar haya da wuta, maimakon ya riƙa ganinsa asara ce daga aljihunsa. In manhaja ta yi kuskure ya aika bayani cikakke, wace Windows ce, wace na'ura, me ya danna, me ta ce, domin mai rubuta ta ba shi da ɗaruruwan kwamfutocin da ke wucewa ta teburin masu gyara. In kuma kayan kyauta ne suke kawo masa kuɗi kullum, kuma marubucinsu ya ajiye wurin ba da gudummawa, to bai dace a ce shekara ta zagayo bai jefa komai ba.

Sharaɗin da shari'ar 2006 ta nuna ana buƙata, kuma har yanzu ba kasafai ake ganinsa a takardar lasisi ba, shi ne na ranar da za a sayar da kamfani. Kayan aikin masu gyara kusan duk ƙananan kamfanoni ne ko mutum ɗaya ke fara su, kuma in suka yi kyau manya ne ke saye: PassMark ya karɓi MemTest86 a 2013, Malwarebytes ya saye AdwCleaner a 2016, Avast ya saye Piriform mai CCleaner a 2017. Wani lokaci sabon mai shi ya kyautata, wani lokaci ya canza wa kayan kasuwa gaba ɗaya. Mai gyaran da zai ɗora sana'arsa a kan wata manhaja yana da haƙƙin ya ga an rubuta masa tun farko cewa in an sayar da kamfanin ko an daina kayan, fitowar ƙarshe za ta ci gaba da buɗewa a hannunsa ba tare da sabar kowa ba, kuma za a ba shi sanarwar aƙalla shekara guda kafin a janye kulawa.